Kogin Ilimi da Shafi na Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Idan ana lissafin masana a makarantar sakandaren da ke bayan tashar mota, to a fara da mai kula da ɗakin karatu, in ya so a tsaya nan, don bayansa babu saura. Shi da bakinsa ya tabbatar da haka, kuma wa ya fi shi sani? Kogin Ilimi yake kiran kansa. Sunan na nan da jan fenti a wani katako bisa teburinsa, kada baƙo ya shigo ya ɗauka ma'aikaci ne kamar kowa. 'Yan makaranta kuwa, da yake yaran yanzu ba su san girman manya ba, Kar-a-Taɓa suke ce masa.

Allah ya hore masa tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya rataye a wuya, da biro biyar jere a aljihun gaba. Kabad shida na gilashi ke ƙarƙashin mulkinsa, kowanne a garƙame. Shekara goma sha tara yana tsaron littattafan nan, kuma a yaba masa, ko shafi ɗaya bai taɓa yagewa ba. Ta ina zai yage, hannun ɗalibi bai kai gare shi ba? Duk wanda ya zo neman aro, sai ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Me za ka yi da littafi alhali ga ni zaune? Duk abin da ke cikin kabad ɗin nan yana cikin kaina, har da ƙari. Tambaye ni."

Wannan bawan Allah kawun Auta ne, yayan mahaifiyarta ciki ɗaya. Auta na ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, kuma a shekarar aka ba ajinsu aikin bincike. Wanda aikinsa ya fi na kowa shi zai samu gurbi guda ɗaya tak na karatu kyauta a kwalejin kimiyya. Mahaifiyar Auta da keken ɗinki ɗaya take riƙe da gida. Yarinyar ta sani sarai, in gurbin nan ya kuɓuce mata, ita da kwalejin sai dai kallo daga bakin titi.

Malamar kimiyya ta yi musu bayani dalla-dalla. Ba a ce su fita suna tambayar mutane ba. Abin da wasu suka riga suka bincika suka rubuta za su tattaro, su gwada wannan da wancan, su ga inda suka dace da inda suka saɓa. Kowace magana a rubuta wanda ya faɗe ta, da shekarar, da shafin. "Kuma abin da idonku bai gani ba," in ji ta, "kada ku ce kun karanta."

Auta ta zaɓi zazzaɓin cizon sauro. Mako uku tana bin layi a ɗakin kwamfuta, inda biyu kaɗai ke aiki cikin goma. Ta samo rahoton likitoci, da babi guda a littafin aji, da wani dogon sharhi a jarida. Ta yanyanka kwalin sabulu ta yi katuna, kowace magana da katinta, majiyar a baya. Har wani rubutu mai daɗin karatu ta samu a intanet ta watsar, don babu sunan marubuci babu kwanan wata. Da ta gama, mahaifiyarta ta ce ai ba a yin biki babu ango, ta kai wa Kawu ya sa albarka.

Kogin Ilimi ya karɓi katunan da yatsa biyu, kamar an miƙa masa tsumman goge ƙasa.

"Kwalin sabulu! Jinina, a kwalin sabulu! Su wa suka rubuta waɗannan? Likitoci? Yaran jiya. Ina cikin ɗakin nan ana goya su. Ɗauki biro, yau za ki sha daga kogi."

Ya miƙe, ya zuba hannu a baya, ya shiga kai da kawowa tsakanin kabad da taga. Sauro guda, in ji shi, mutum goma sha bakwai yake cizo kafin gari ya waye, ba ƙari ba ragi. Kashi tamanin da uku cikin ɗari na masu zazzaɓi kuwa, zama cikin rana ne mafarin ciwonsu, sauron ƙarasawa kawai yake yi. Ya nuna wani littafi mai koren bango a can saman kabad na huɗu. "Yana ciki. Shafi na ɗari biyu da sha huɗu, sakin layi na biyu. Rubuta."

Auta ta rubuta. Sannan a hankali ta ce, "Kawu, ko zan ɗan ga shafin? Malama ta ce..."

"Malama ta ce! Ni za a bincika? Ni da na haddace littafin nan tun uwarki na rarrafe? To ki ji, in sunan littafin nan bai fito a aikinki ba, kada ki ƙara ce mini Kawu."

Dokin mai baki ya fi gudu. Kafin Auta ta isa gida ƙarar Kawu ta riga ta. Mahaifiyarta ko ƙafa ba ta ɗaga daga keke ba ta ce, "Yayana ne. Duk danginmu babu wanda ya kai shi karatu, ko takardar asibiti shi muke kai wa. Ki sa maganarsa, kada ki jawo mini abin faɗa."

Gaba kura, baya sayaki. In ta cire maganar, ta ɓata da gida. In ta rubuta cewa ta karanta littafin, ta yi ƙarya a takardar da rayuwarta ta rataya a kai, ga shi maganar zama cikin rana ta saɓa wa duk majiyoyinta uku. Tsoro ya kama ta sosai, har ta yi kuka a bayan aji. Kwana biyu tana juya abin. A na uku ta sa maganar Kawu a shafin ƙarshe, ta rubuta majiyarta daidai yadda ta same ta, ta miƙa aikin.

Ranar gabatarwa aka cika babban zaure da ɗalibai da iyaye. Mai tantancewar da kwalejin ta turo wata 'yar tsohuwa ce, jakarta har ta koɗe. Kogin Ilimi ya dube ta sau ɗaya ya gama da ita. Ya zauna a sahun gaba, kan kujerar da aka ajiye wa mataimakin shugaba, yana shaida wa na dama da na hagu cewa aikin da za a ji yanzu daga ɗakinsa ya fito.

Auta ta yi bayaninta har ƙarshe. Tsohuwar ta buɗe shafin majiyoyi, ta bi na ɗaya, na biyu, na uku tana gyaɗa kai. A na huɗu ta tsaya, ta karanta a fili:

"Kawuna, mai kula da ɗakin karatu, daga bakinsa. Ya ce maganar na cikin koren littafin kabad na huɗu, shafi na ɗari biyu da sha huɗu. Ban ga shafin ba. Ta saɓa wa sauran majiyoyin, don haka ban gina komai a kanta ba."

Mai hankali da sai ya sunkuyar da kai, abin ya wuce. Amma kogi ba ya sunkuyawa. Ya miƙe tsaye, tabarau na lilo a ƙirji.

"Wannan cin fuska ne ga ilimi! A gaban jama'a za a ce maganata ba ta da tushe? A bar ni in ɗauko littafin, yau za a san bambancin masani da ɗan koyo!"

"Gani ya kori ji," in ji tsohuwar. "Muna jira."

Ya fita yana huci, ya dawo ɗauke da littafin a hannu biyu, ya dangwara shi a tebur. Sai a lokacin kowa ya lura, har da shi, cewa littafin na nan cikin ledar da kamfani ya naɗe shi da ita. Tsohuwar ta ari biro ɗaya daga cikin biyar ɗinsa ta farke ledar. Ƙamshin sabuwar takarda ya tashi. Ta juya can ƙarshe.

"Malam, littafin nan a shafi na ɗari da tamanin ya ƙare."

"To ai... wannan sabon bugu ne. An taƙaita shi. A tsohon bugun da na haddace..."

Ta koma shafin farko, ta kai shi kusa da idonta. "Bugu na farko," ta karanta.

Wani daga baya ya kasa riƙe dariya, sauran suka bi. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Kogin Ilimi ya cire tabaran hanci ya sa na wuya, ya sake duba shafin, amma na biyun ma abin da na farko ya gani shi ya gani.

Da aka gama jin kowa, tsohuwar ta ce ta ga ayyukan da suka fi na Auta ado da yawan shafi. Amma ita kaɗai ce ta raba abin da ta karanta da abin da aka gaya mata, kuma irin wannan ɗalibar kwalejin ke nema. Aka kira Auta. Gurbin ya zama nata.

A bakin ƙofar makaranta Kawu ya cim musu, Auta da mahaifiyarta, ya riga ya gyara zaman tabarau da na murya.

"Kin ga tarbiyyata ko? Da gangan na yi. Jarraba ta nake, in ga ko za ta karɓi magana ba hujja."

Mahaifiyar Auta, wadda shekara talatin ba ta taɓa musa masa ba, ta dube shi tun daga biro har takalmi.

"Na gani, Yaya. Ita kam ta ci. Taka jarrabawar ce aka yi a gaban mutane, kuma duk mun ji sakamakon."