Takardar Guzurin Maniru

"Lahiya lau, angon da ba shi da ko akuya. Yau da mi ka zo man?"

"Da yunwa, tsohuwa mai ran ƙarhe. Har yanzu ba ki mutu kin bar man gado ba?"

"Sai na ga hurhurarka, ɗan nema."

Hantsin wata Laraba ce, tsakiyar damina, a shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Atika tana zaune a ƙofar ɗakinta a Bodinga tana tsintar wake, jikanta Maniru, ɗalibin kwalejin horon malamai, ya tsaya a kanta da takarda a hannu. Gobe ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo za ta fita rangadi a ƙasa, kwana tara, ta Danchadi da Dandin Mahe har Shagari, suna kafa tanti a bayan gari, suna nuna wasa kan ciwon kurkunu. Malaminsu ya ce wanda bai haɗa guzuri da kayan kwana ba ya yi zamansa gida. Tun da safe Maniru ke zagayen kasuwa, kantuna wayam.

Atika kuwa, har ga Allah, ta ji daɗin wannan rashi. Shi kaɗai ɗanta marigayi ya bar mata, ga shi an ce rafuka sun kawo, ciyawa ta kai ƙugu. Abincin kirki ma ta kasa ci tun da ta ji zancen tafiyar.

"Karanta in ji abin da anka ce ka kai dajin."

"Madarar gwangwani, sukari, kihin gwangwani, sabulu..."

"Dakata! Wasa za ku ko biki? Madarar da ko matar ciyaman ba ta gani ba bana?"

"Tocila da batir. Gidan sauro. Takalmin kambas."

"Wane sauro za shi ɓata bakinai ga ƙashi? Kai da in iska ya taso sai an ɗaura maka dutsi! Ba a hwahe gora ranar tahiya, miji. Zamna gida in dama maka hura."

"Hurarki da ta hi ruwan rijiya tsinkewa? Ai ita ta ramar da ni. Sakinki zan yi in auro 'yar Shagari mai haƙora."

"Wa za ya ba ka? Mutanen Shagari na da ido. Kuma ka san abin da ke tsakanin nan da can? Macizai. Kunamu. Kura."

"Kura ta ƙare tun kina budurwa, zamanin Annabi Nuhu."

"To, ruwa hwa? Ka iya iyo? Kai da ka taɓa nutsewa cikin kwatarniya!"

Muryarta ta ɗan karye a nan, ta yi maza ta sunkuyar da kai cikin faifan wake. Da ta ɗago sai ta ga Maniru ya kafa wa ƙasa ido.

"Kaka, shekara ukku ina ɗaukar ma 'yan wasa benci. Bana anka ba ni babban matsayi. In ban tahi ba, Ɗanbaba za a ba, kuma daga bana na gama makaranta."

Atika ta so ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, bakinta ya ƙi. Ta ture faifan, ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Ɗanbaba mai kunnuwa kamar marhin tukunya? Shi za ya kada mijina? Tashi, raggo! Da babu gara ba daɗi."

Ta shiga ɗaki tana jefo kaya waje tana faɗa. Gumba a madadin madara, ƙuli-ƙuli a madadin kifi, curin sabulun salo, fitilar ƙwai, tsohon bargo, da ƙullin ganyen doɗɗoya na korar sauro. Takalmi kuwa ta ce ya je wurin Na'Allah baduku ya yanka masa na taya, wanda ƙaya ke gani ta kauce.

"In malamin ya ce ba su yi ba, ce mai ya zo ya ishe ni. Saura mi?"

Maniru ya sosa ƙeya. "Saura kayan wasa. Zane, da kallabi, da sanda."

"Zane? Wa za ka kai ma?"

"Ni za ni ɗaura. Tsohuwa nika hitowa. Wata mai taurin kai da ta ce ba ta tace ruwan tabki, don kakanninta ba su tace ba."

"Wace tsohuwa?"

Sai Maniru ya ranƙwafa, ya dafa gwiwa, ya murguɗa baki, ya ce cikin siririyar murya, "Wane kurkunu? Ruwan da na sha tun kahin a haihi ubanku!"

Atika ta riƙe haɓa. "La'ilaha illallahu! Ni za ka kai kasuwar Shagari a yi ma dariya? Wata ukku kana zuwa kana zaman gaisuwa, ashe satar tahiyata kaka yi!"

"Ai sunanki zan ɗaukaka."

"Ɓata ni dai za ka yi. Dubi yadda ka dahwa gwiwa, kamar mai ciwon mara! Ta hagu ta, ba ta dama ba. Kuma ni ban da muryar akuya."

Dariya ta ƙwace mata har da hawaye, wanda ba duka na dariyar ba ne. Ta buɗe adaka ta zaro zanenta saƙi na zuwa biki, ta wurga masa a fuska.

"Ungo. In dai ni za ka yi, ba ka hita da tsumma. Ku ƙetare ruwa da rana, kana tsakiyar mutane. Kuma ka maido man zanena da ƙahwarka, in ba haka ba ni za ni sake ka."