Magangarar Ruwan da Na Gano

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ja dattijo mai furfura cikin kwazazzabo don in burge shi ba. Ko na so mantawa ma, abokina Nura ba zai bari ba. Gara ku ji labarin daga bakina, don in shi ya ba ku sai ya ƙara gishiri, alhali abin ko a yadda yake ya ji gishiri.

A lokacin ban daɗe da dawowa Dutse daga hidimar ƙasa a Filato ba. Shekara ɗaya rak na yi a can, amma na dawo ina jin kaina kamar wanda ya zaga duniya. Ba a hirar minti biyar da ni ban ce "mu a Jos" ba. Na samu aikin koyar da labarin ƙasa a wata makarantar kuɗi, na sayi takalmin hawan dutse da jakar goyo da wata malafa mai igiya a haɓa. Kowace Asabar sai in saɓa jaka in nufi duwatsun bayan gari, 'yan acaɓa suna bi na da kallo suna tambayar juna ko akuyata ce ta ɓata.

Wata safiya da kaka, an yanke gero, ruwan sama ya ɗauke ya kai mako uku, na bi wata hanyar awaki ta ɓangaren Kiyawa, ta gangara da ni cikin wani kwazazzabo mai duwatsu. Ina tafe ina waƙe-waƙena sai na ji shaaa! Na sha kwana, sai ga ruwa yana zubowa daga sama, tsawon mutum biyu, yana dukan wani baƙin dutse yana taruwa a ɗan kududdufi. Jama'a, ihu na yi. Ni kaɗai a daji na yi rawa, rawa sosai har da juyi. Na ɗauki hoto ya fi arba'in (wasu a kwance na ɗauka, don ruwan ya ƙara tsawo), na ɗora a waya na rubuta a ƙasa cewa ni na gano. Har na fara tunanin sunan da zan raɗa wa wurin, kuma sunan da ya fi zauna min shi ne na Rukayya.

Rukayya ita ce yarinyar da nake nema. Mahaifinta ya rasu, maganar aurenta tana hannun ƙaninsa, Baffa Sabo, tsohon hedimasta mutumin Aujara da ya yi ritaya ya zauna a Dutse. Mutum ne mai fara'a, amma ba ya gaggawa. Da aka kai masa maganata sai ya ce kada a turo manya tukuna, sai ya ga kamun ludayina. Wata biyu ina sintiri gaisuwa, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

To, ranar da na je gaisuwa bayan wannan ganowa tawa, bakina ya ƙi rufuwa. Ya tambaye ni aiki kawai, ni kuwa na kwance masa jaka.

"Magangarar ruwa?" in ji shi. "A ƙasar Dutse? Bayan ruwa ya ɗauke?"

"Da idona na gani, Baffa. Irin ta Jos ce sak, sai dai ƙarama."

Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya daɗe yana kallo. "Ni na tsufa ina koya wa yara taswirar ƙasar nan, ban taɓa jin labarinta ba. Asabar mai zuwa ka zo ka kai ni, Malam."

Na fito daga zauren nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa. A raina na ce shi ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama, daga bakin ruwan nan za a ce min in turo.

Ranar Asabar bayan azahar Nura ya ɗauke mu a adaidaita sahunsa. (Nura abokina ne tun firamare, kuma tun firamare bai taɓa yarda da wata magana tawa ba.) Muka ajiye keken a bakin hanya muka shiga da ƙafa. Ni na sha takalmi da malafa da jaka, Baffa kuwa kaftani ne da silifa da 'yar sandarsa. Na yi niyyar in riƙa kama masa hannu a wurare masu santsi. Ba a yi nisa ba sai ga shi a gaba yana tsallake duwatsu, ni ina baya ina haki, yana waiwayowa yana cewa, "Malam, ko mu huta ne?" Duk da haka bakina bai mutu ba. Kowane dutse muka wuce sai na faɗi sunansa da shekarunsa, yawanci a nan take nake ƙirƙira.

Muka iso kwanar. Na ce su rufe ido. Baffa, dattijon arziki, ya biye min ya rufe. Na ja su muka sha kwana na ce, "To, a buɗe!"

Babu ruwa. Ko ɗigo. Baƙin dutse ne kawai da ɗan danshi, da kududdufin da ya koma rabi, da wani ƙadangare yana gyaɗa min kai.

Nura ya dubi sama, ya dubi ƙasa. "To Malam, ina ruwan? Ko an ɗauke wuta ne?"

Na fara wani bayani a kan yadda ƙasa ke shanye ruwa, bayanin da ni kaina ban san inda ya dosa ba. Baffa ya nemi dutse ya zauna, ya dogara haɓarsa a kan sanda yana saurarena, kuma wannan saurare ya fi min zagi ciwo. Ina cikin kame-kame sai muka ji wani gurnani daga sama, sannan shaaa! Ruwa ya ɓalle, har ya fi na ranar farko.

Ban san lokacin da na cilla malafata sama ba. "Ga shi! Ga shi! Ban faɗa muku ba? Nura, ɗan baƙin ciki, ga shi!" Na rungume Nura, na sake shi, na kusa rungume Baffa, Allah ya taimake ni na tuna ko wane ne. Shi ma ya miƙe yana dariya yana cewa, "Ikon Allah! Ikon Allah!" Nan take na samo bayani: idon ruwa ne mai numfashi, yana tara ruwa a cikin dutse, in ya cika sai ya saki. Na faɗe shi da murya irin ta aji, har ni ma na yarda.

Na tara hannu na sha. Sau uku. Na wanke fuska, na jiƙa kai, na cika gora na ce wannan tsarabar Rukayya ce.

Nura ya sunsuna. "Ni fa ƙarni nake ji."

"Ma'adinai ne," na ce. "Kai me ka sani? Turawa kuɗi suke biya su sha irinsa."

"Kuma kore-kore ne."

"Gansakuka ce."

Sai ga wani ɗan mitsitsin kifi, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, yana wutsil-wutsil a tafin hannuna. Wani mai hankali da a nan ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa ɗaga shi na yi ina nuna musu, na ce ga shaida, kifi ba ya zama sai a ruwa mai tsabta.

La'asar ta yi. Baffa ya naɗe hannun riga ya tsuguna a bakin kududdufin, ya ɗebi ruwan ya duba, ya kai hanci. Sannan ya dube ni, wannan karon babu dariya.

"Malam, ruwan nan launinsa da warinsa sun jirkita. In daga dutsen ne da gansakukarsa, ba komai, ana alwala da shi. In wani abu ne ya shige shi daga waje, ba a yi. Ka san mafarinsa?"

Da na ce ban sani ba, da an yi taimama ko an koma bakin hanya, magana ta ƙare. Amma ina! Mutumin da ya gama cilla malafa ya ce bai sani ba? Na buɗe baki na ce, "Na sani, Baffa. Har saman na hau, na ga idon ruwan da kaina. Daga cikin dutse yake fitowa."

Ban taɓa hawa ba. Ko hanyar ban sani ba.

Ya ce to madalla. Muka yi alwala mu uku, ya ja mu salla a kan wani faffaɗan dutse. Allah ya yafe min, a cikin sallar nan har launin akwatunan lefe na zaɓa. Ana sallamewa, ya shafa addu'a, ya ɗauki sandarsa ya ce, "To, tunda mun zo, mu hau mu ga idon ruwan mu ma. Wuce gaba."

Na lallashi kaina. Ai dole akwai idon ruwa a sama, in ba haka ba daga ina ruwan yake? Na wuce gaba ina takun wanda ya san hanya. Sau biyu ina kai mu cikin ƙaya, ina cewa damina ce ta sauya wurin. Muna ƙara hawa ƙarnin yana ƙaruwa, sannan muka fara jin ƙarar janareta. Nura ya yi tari irin na mugunta.

Da muka fito sarari, ga abin da muka tarar: fili shimfiɗaɗɗe, da shingen langa-langa, da wani shuɗin bututun roba mai kaurin cinya ya leƙo ta ƙarƙashin shingen yana aman ruwa cikin wata 'yar kwata da ta nufi bakin kwazazzabon. Idon ruwana ke nan. Na tsaya ina kallonsa, shi ma kamar yana kallona.

Ƙofar shingen ta buɗe, wata dattijuwa mai takalmin ruwa ta fito riƙe da 'yar komar kamun kifi. Muka gaisa, ta ce sunanta Hajiya Talatu, nan wurin ƙyanƙyasar kifinta ne. "Sannunku da hawa! 'Ya'yan tarwaɗa kuke so? Ku shigo mana."

Baffa ya ce a'a, yawon buɗe ido muke, amma zai so ya gani. Haka ta zaga da mu. Ta nuna mana manyan iyayen tarwaɗa a tankin siminti, ta nuna yadda ake yi wa macen allura, a tatse ƙwan, a haɗa da na namiji, a baza a kan raga cikin ruwa, kwana ɗaya ya ƙyanƙyashe. Ta nuna kwamin jarirai, baƙi ƙirin da su kamar an watsa kanumfari. Baffa ya ji daɗi ƙwarai, tambaya yake ta yi kamar ɗan aji ɗaya. Ni kuwa ina baya, gorar tsarabar Rukayya tana min nauyi a jaka.

Can ya ce, "Hajiya, wancan bututun na waje fa?"

"Au, na zubar da ruwa ne, Malam. Safe da yamma muke sauya musu, in ba haka ba su mutu. Ai ka san tarwaɗa da ƙazanta. Kashinsu ne da ragowar abinci, abincin kuma har da garin jini da kayan cikin kaji muke haɗawa wa manyan." Sai ta lura da jiƙaƙƙen kaina. "Kai ɗan nan, ba dai wanka ka yi a ciki ba?"

"Sha ya yi, Hajiya," in ji Nura. "Sau uku. Ma'adinai ne."

Hajiya ta saki komarta ta dafa tanki, dariya har da hawaye, tana cewa, "Wayyo cikina! Ashe kai ne mai rawa ran nan! Na hango ka daga sama na ce Allah ya ba shi lafiya."

Ƙasa ta ƙi tsagewa. Na roƙe ta a raina, ta ƙi.

Baffa bai yi dariya ba. Ya roƙi Hajiya ruwan rijiyar burtsatse, ya ce mu sake alwala, mu ɗauraye inda ya taɓa tufafinmu, mu sake salla tun rana ba ta yi ja ba. Muka sake. Wannan karon babu akwati ko ɗaya a raina. Da muka idar ya juyo, ya kafe ni da ido.

"Malam, ka ce ka hau."

Wallahi wata ƙaryar ta zo min har bakin harshe, wai ko ta wani gefen na hau. Na haɗiye ta, ta bi ruwan tarwaɗa.

"Ban hau ba, Baffa. Ƙarya na yi muku. So nake ku ce na san abu."

Na riga na sallama Rukayya, ina tunanin ko in nemi canjin aiki zuwa Miga inda ba wanda ya san ni.

"Shan ruwan kifi ba laifi ba ne," in ji shi. "Wauta ce, kuma ana warkewa. Amma ka sa ni na ja salla da alwalar banza don kada a ce ba ka sani ba. Da ka ƙara min wata a kai yanzu, da maganarka ta mutu a nan." Ya miƙe ya karkaɗe kaftani. "Ni ba zan faɗa wa kowa ba. Kai za ka je ka ba mahaifiyarta labari da bakinka, ita ma yarinyar tana ji, kada ka rage komai. In ka iya wannan, ka turo manyanka."

Na je washegari. Na durƙusa a tsakar gida na zayyana komai, har rawar. Inna, mahaifiyarta, ta toshe baki da mayafi kafaɗunta suna rawa, Rukayya kuwa daga bayan labule na ji ta faɗi daga kan kujera. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa fitowa daga wani gida da farin ciki irin na ranar ba. Bayan mako biyu manyana suka je.

Abin da na koya bai da yawa, amma na saye shi da tsada. "Ban sani ba" kalma uku ce kacal, ba ta kai kurɓa uku na ruwan tarwaɗa wuyar haɗiya ba. Yanzu ko ɗalibi ya yi min tambayar da ta fi ƙarfina, ba na jira, nan take nake faɗarta.