Ranar Da Na Yi Tafinta A Jirgin Shugaban Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na yi wa Alhaji Sabi'u tafinta ba. Shekarata bakwai a birnin Guangzhou na ƙasar Sin a lokacin, ina da ɗan ofis a unguwar Xiaobei. Aikina in raka baƙi kasuwa, in tsaya musu a ciniki, in tura musu kaya gida. Duk wanda ya sauka daga Kano ko Maraɗi, wurina ake turo shi, wai ni ne gwanin Sinanci. Ni ma ban taɓa musawa ba. (Gaskiyar magana, Sinancina na bakin shago ne: gaisuwa, godiya, ƙirge, sai "laoban" wato maigida, da "meiyo" wato babu. Sauran da hannu da kalkuleta ake ƙarasawa.)

Alhaji Sabi'u babban dilan takalma ne a Kano, ya zo neman wanda zai riƙa tsaya masa a nan duk shekara. Kwana uku muna zagaya shagunan titin Zhanxi Lu, har na ga hankalinsa ya fara kwanciya da ni. Don in ƙara burge shi, sai na ce bari in kai shi shan iska a kogi. Akwai wani tsohon farin jirgin ruwa da ke ɗaukar masu yawon buɗe ido, an ce da can na shugaban wata ƙasa ne. Wace ƙasa? Ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Muka shiga bayan la'asar, Alhaji cikin farar shadda sabuwa fil. Da jirgi ya tashi, wata ma'aikaciya ta ɗauki lasifika ta fara zagayawa da mu ɗaki ɗaki tana ba da tarihi. Alhaji ya taɓo ni.

"Malam, me take cewa?"

Ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Amma sai na gyara murya na ce, "Cewa take, jirgin nan ya ƙetare tekuna bakwai, Alhaji."

Daga nan bakina ya buɗe. Ta nuna ƙararrawa, na ce ita ake kaɗawa idan shugaba zai ci abinci. Ta nuna wata tsaga a jikin katako, na ce harsashin masu juyin mulki ne. Alhaji sai "Ikon Allah!" yake yi. (Ni kaina na fara jin daɗin labarin.)

A ɗaki na ƙarshe akwai wata gajeriyar kujera mai faɗi, an lulluɓe ta da jan karammiski, an kewaye ta da igiya. Matar ta faɗi wani abu, jama'a suka yi dariya. Ni ma na yi, har na fi su.

"A nan shugaba yake zama yana sa hannu a takardun mulki," in ji ni.

"Amma ta yi ƙasa da yawa."

"Ai gajeren mutum ne, Alhaji."

Ya ce lallai sai ya zauna an ɗauke shi hoto. Na ɗaga masa igiya. Matar ta taho da sauri tana kaɗa hannu, na ce masa murna take yi da babban baƙo. Ya baje riga ya harɗe, na ɗauka, nan take ya tura wa iyalinsa.

Sai muka ji sallama a bayanmu, da Hausar Kano tsantsa. Muka waiwaya. Wani tsohon Basine ne mai furfura, riƙe da sanda.

"Alhaji, ka yi haƙuri, ka tashi daga nan. Gadon karen shugaban ne."

Ya ce shekara ashirin ya yi yana gyaran injuna a wata masaƙa a Kano, a can ake kiransa Garba. Tun ɗakin farko yake bayanmu yana saurare. Alhaji ya miƙe a hankali, ya waiga yana duba bayan rigarsa, sannan ya ce, "Malam Garba, faɗa mini abin da matar nan ta ce. Tun daga farko."

Ya kuwa faɗa, dalla-dalla. Wani attajiri ne ya sa aka ƙera jirgin, gwamnatin ƙasar ta saye shi don shugaba ya riƙa fita hutun ƙarshen mako da baƙinsa, su kama kifi, su ci, su dawo. Jirgin bai taɓa nisa da gaɓa ba, don shugaban amai yake yi in ruwa ya motsa. Wanda ya gaje shi ya ce almubazzaranci ne, ya sa aka sayar. Jirgin ya daɗe a yashe yana tsatsa kafin wani kamfani ya gyara shi ya kawo nan. Ƙararrawar ta gargaɗi ce in an yi hazo. Tsagar kuwa, masu ɗaukar tebur ne suka buge katakon.

Saura minti arba'in jirgi ya koma gaɓa, kuma a tsakiyar kogi ba inda mutum zai ce ya tuna wani uzuri. Na tsaya jikin ƙarfen gefen jirgi ina kallon dogayen benaye kamar yau na fara ganinsu. Wayar Alhaji sai ƙara take, iyali na ta turo barka.

Bai yi mini faɗa ba. Da muka sauka ya kira ni gefe ya ce, "Malam, a kan kujera ma ka yi mini haka. Ranar da mai masana'anta ya ce fatar takalmin ba ta gaske ba ce, me za ka fassara mini?"

Wani Bamaraɗe ya ba wa aikin.

Sati na zagayowa na shiga ajin koyon Sinanci. Malamar ta tambayi jimlar da nake so in fara da ita, na ce ta koya mini "ban gane ba". Yanzu ita na fi iyawa, kuma na lura tun da na fara faɗinta, ba wanda ya taɓa yi mini gyara.