Hoton 'Yar Mutane

"…lafiya lau na kwana, Baachan. Ke ma na ga har yanzu ba ki mutu ba."

"Jira nake in ga ranar da za ka zo wuri a kan lokaci. Ka ga kuwa da sauran shekaruna."

Fusae ta fi minti ashirin a tsaye a ƙofar shagon kyamarori na Nishiwaki, cikin rufaffiyar kasuwar unguwarsu a gabashin Osaka, kafin jikanta Shunpei, mai kiran ta Baachan wato Kaka, ya iso yana goge baki. Shekara arba'in da ɗaya ta yi a masana'antar ƙusoshi tana ware masu kyau da masu aibi, kuma tun a can ta daina sauraron abin da mutum ya ce zai yi. Asabar mai zuwa ce ranar wasannin makarantar su Kotone, 'yar Shunpei mai shekara takwas. Mijin Fusae kuwa, Tetsuji, wanda jikan ke kira Jiichan, wata goma sha huɗu ke nan yana kwance a gidan jinya. Abu ɗaya ya roƙa: hoton yarinyar tana gudu, fuskarta a fili.

Bara ma abin da ya roƙa ke nan. Shunpei ya ɗauka da waya daga bayan igiyar da ake tsayar da iyaye, cikin yara ɗari biyu masu farar riga da jar hula iri ɗaya. Aka wanke hoton, aka kai gefen gadon tsoho. Sai bayan mako guda uwar Kotone ta lura 'yar wasu ce. Har yau hoton yana nan, ba wanda ya yi ƙarfin halin ɗauke shi.

"Me kake gogewa a baki?" in ji Fusae.

"Ba komai."

"Takoyaki ne, ƙosan nan na bakin kasuwa, ina jin ƙanshin. Ni ina nan ƙafafuna suna tsami, kai kana can kana kiwon tumbi. Ko guda ɗaya ba ka rage wa tsohuwa ba."

"Da waɗanne haƙoran za ki ci? Waɗanda ke kwana a kofi?"

"Su dai ana cire su a wanke. Naka fa?"

Suka shiga. Nishiwaki, wanda ya san Shunpei tun yana rarrafe, ya riga ya shimfiɗa ƙyalle a kan tebur ya jera kyamarori biyu: babba baƙa mai ƙaton ido, da wata ƙarama da za ta shiga aljihun riga. Shunpei ko kallon ƙaramar bai yi ba. Ya ɗauki babbar ya rataya a wuya, ya gyara tsayuwa.

"Ki duba nan, Baachan. Wannan ita ce kyamara. Irin ta 'yan jarida. Ana cire mata ido a ɗaura wani. Mako uku na yi ina karatu a kanta."

"Mako uku! A makaranta ma ba ka taɓa haɗa kwana uku kana karatu ba."

"Cikinta yana da faɗi, tana shan haske sosai. Ko duhu ya yi, hoto zai fito tangaran."

"Da tsakar rana za a yi gudun, sarkin sani. Ko an gaya maka jemagu ne za su yi tseren?"

"Kuma tana dusashe abin da ke baya, mutum ya fito shi kaɗai."

"Wannan kam ka iya tun ba ka da kyamara. Bara ka dusashe 'yar cikinka, ka fito mana da 'yar mutane ita kaɗai."

Nishiwaki ya yi tari, ya shiga goge teburin da ba ƙura a kai.

"Baachan, a hankali mana."

"A hankali me? Akwai wanda bai ji ba a kasuwar nan? Mai kifi ma ya tambaye ni ko matar da ka kawo gida ranar biki ita ce wadda ka nema."

"Ai gado na yi. Wa ya taɓa hawo keken mutane daga gidan wanka har gida, yana zagin wanda ya sauya masa kwando?"

"Ni na mayar da keken kafin la'asar. Kai shekara guda ke nan ba ka mayar da 'yar mutane ba."

Ta ɗauki ƙaramar ta juya ta a hannu, kamar yadda take juya ƙusa tana neman aibi.

"Wannan fa?"

"Ta tsofaffi ce. Ta masu yawon ganin gari a doguwar mota, su ɗauki dutse su dawo suna cewa tsuntsu ne."

Fusae ta danna wani maɓalli. Idon kyamarar ya miƙo waje a hankali, ya ƙara miƙowa, kamar kunkuru ya ji ƙanshin kabeji.

"Ninki arba'in take jawo abu," in ji Nishiwaki. "Babbar kuwa, da idon da ta zo da shi, ninki uku. Hotonta ya fi kyau, wannan gaskiya ne. Amma in kana so ta kai tsakiyar filin makaranta, sai ka sayi dogon ido daban."

"Sai in saya."

"Ka saya, ka goya, ka tsaya cikin iyaye ɗari huɗu kana kwance wannan kana ɗaura wancan," in ji Fusae. "Gudun nan daƙiƙa goma sha biyar ne. Kafin ka gama, yarinya ta gama makaranta, ta yi aure, ta haifi wani da ba za ka gane ba."

"Ba ki san komai a kan kyamara ba."

"Na san gwangwanin da ba komai a ciki ya fi ƙara."

"To ke da kika ƙyalla ido kan wannan 'yar akwatin ashana, wa zai riƙe ta? Ke? Hannunki rawa yake kamar jelar kare ya ga nama. Shayi ma rabi a baki, rabi a riga. In kika ɗauka, sararin sama za a kai wa Jiichan ya rataye."

Wannan ta shige ta. Fusae ta dubi hannunta na dama, wanda ya fara rawa shekara biyu bayan ta bar aiki, ta sa shi a aljihu. Ba ta musa ba. Ba ta saba musun abin da ido ke gani ba.

"Na ji," ta ce. "Surutu ya isa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Nishiwaki-san, ka ba mu aron ƙofar shagonka."

"Me kuma za ki ƙirƙiro?"

"Daga igiyar iyaye zuwa inda yara ke gudu, kamar daga nan ne zuwa wajen mai awarar tofu. Zan je can in tsaya. Ka juya baya ka ƙirga ɗari, in ka iya. Sannan ka juyo, daƙiƙa goma sha biyar, ka ɗauke ni da gimbiyar taka."

"Shi ke nan? Ai ko ido a rufe zan gane ki. Inda kare ke gudu, nan kike."

"Ka buɗe su dai. A rufe ka yi bara."

Ta fita tana jan ƙafa. Ranar Laraba ce, ranar da mai tofu ke rage farashi, don haka tsofaffin unguwa sun yi cincirindo a gabansa. Fusae ta ƙirga riguna masu zanen damisa irin tata, ta samu shida. Gashi murɗaɗɗe mai rinin shuni kuwa ba ta ma ƙirga ba. Ba ta ɓuya ba. Ta tsaya a fili, ta fuskanci shagon, ta riƙe jakarta da hannu biyu. Can nesa ta hango shi ya juyo, baƙin abu a fuska. Ya karkata hagu, ya dawo dama, ya sake komawa hagu, ya tsaya. Tun daga nan ta san sauran.

"Na kama ki!" ya ce tun kafin ta ƙaraso. "Da sauran daƙiƙa huɗu ma. Ki tambayi Nishiwaki-san."

A allon kyamarar mutane sun zama kamar ƙwayoyin riɗi. Ya yi ta faɗaɗa hoton har wata damisa ta cika allon, a dushe.

"Ga ki nan."

Fusae ta sa tabarau.

"Wannan Hamaguchi-san ce, mai shagon wanki."

"Ke ce!"

"Ta fi ni kilo ashirin."

"Kyamara tana ƙara wa mutum jiki."

"Tana ƙara masa kare ma? Me take rungume da shi a nan?"

Shunpei ya matso da allon kusa da hancinsa.

"Yaushe na yi kare, Shunpei? Dabba ɗaya nake kiwo, ga ta a tsaye da kyamara a wuya."

Nishiwaki ya shige bayan labule. Ana jin sa yana shaƙewa da dariya.

"Ai ba laifina ba ne! Duk kamarku ɗaya. Damisa, damisa, damisa. Kasuwa ce ko gidan namun daji?"

"Haka ka ce bara. Duk kamarsu ɗaya. Maza je ka tsaya inda na tsaya."

"Za ki jefar da kayan mutane."

"In na jefar, kai zan bari a jingina. Ko da yake ba za a karɓa ba."

Ya tafi yana gunaguni. Fusae ta ɗaga ƙaramar, ta miƙar da idon har ƙarshe. Allon ya shiga tsalle: rufin kasuwa, fitilar takarda, tayar keke, kunnen wani, rufin kasuwa kuma. Nishiwaki ya miƙo hannu zai taimaka, ta ce ya kiyaye ta. Ta jingina kafaɗa da ƙyauren ƙofa, ta danne gwiwar hannu a haƙarƙari, ta ɗauke numfashi yadda take yi in za ta auna siririyar ƙusa. Ta danna sau tara. Takwas iska ce. Na tara ya kama.

"Rabin fuska!" in ji Shunpei da ya dawo. "Rabin fuska kika ɗauko kike wannan taƙama?"

"Rabin taka ce dai, ba ta ɗan mutane ba. Duba da kyau. Mene ne wannan kore a haƙorinka na sama?"

Garin ganyen teku ne na kan takoyaki, ya fito ɓaro-ɓaro, har ana ganin inda ya maƙale. Shunpei ya rufe baki da tafin hannu.

"Tun ɗazu kina gani ba ki faɗa ba?"

"Sai yanzu na gani. A kusa ba na iya kallon fuskarka, tana sa ni jiri. Abin da babba ya hango yana jingine da ƙofa, yaro ko ya hau hasumiyar Tsutenkaku ba zai hango ba."

"Takwas fa kika ɓata."

"Na ɓata." Ta daina dariya. "Kuma a tsaye kake kamar turke. Yarinya mai gudu ba zan kama ta ba, ko a ba ni sau ɗari. Ungo."

Ta ɗora masa ƙaramar a tafin hannu. Ya ƙura wa rabin fuskarsa ido. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Jiichan dai bai sani ba, ko? Zancen hoton."

"Tun ranar farko ya sani."

"Ƙarya kike."

"Kana fita daga ɗakin ya ce da ni, 'Yarinyar nan ta iya gudu, 'yar waye?' Ƙafafunsa ne suka mutu, ba idonsa ba. Na ce bari in ɗauke, ya ce in bar ta, kada yaron ya ji kunya. Kullum da safe sai ya gaishe ta. Har suna ya raɗa mata."

"Shekara guda…"

"Shekara guda yana rufa maka asiri. Bana ya ce a gaya maka ta gidan yake so, don ba shi da tabbacin zai ga ta baɗi. Ni ban iya faɗar magana da daɗi ba, ga ta nan yadda ya faɗa."

Shunpei ya cire babbar daga wuyansa, ya ajiye ta a kan ƙyalle a hankali, ya nannaɗe igiyarta. Ya ja hanci, ya ce ƙurar shagon ce.

"Nishiwaki-san, ƙaramar za mu ɗauka."

"Ta tsofaffi?" in ji Fusae.

"Ta tsofaffi. Kin ci, mayya."

Ta buɗe jaka ta zaro safa guda biyu, dogaye har gwiwa, ruwan ɗorawa mai kashe ido.

"Kotone ta sa su ranar. Makaranta ta ce riga ɗaya, hula ɗaya, ba ta ce komai a kan safa ba. Ka nemi ƙafa tukuna, sannan ka hau sama har ka iske fuska. Ko jaki zai iya."

"In wata uwar ma ta sa wa 'yarta irinsu fa?"

"To sai kakanka ya samu ta biyu, su riƙa hira da ta bara."

Dariya ta ƙwace masa, koren haƙorin ya sake bayyana. Fusae ta laluba ƙasan jaka, inda alewa ba ta taɓa yankewa, ta cusa masa guda a hannu.

"Tsotsa, ko ta share maka wannan lambun."

Ya ɓare ya jefa a baki.

"Baachan. Ranar Asabar ki tsaya kusa da ni."

"Dole. In ban tsaya ba, wa zai nuna maka 'yarka?"