Jakar Habu

Shekarar da ruwa ya ci gadar ƙauyenmu, damina biyu bayan rasuwar maigidana Malam, aka kira jikana Habu, ma'aikacin agaji, aikin ceto na kwana huɗu wajen Tudun Wada. Yana shiga wanka na buɗe jakarsa. Me zan gani? Rigar leda, tocila, da takalman roba irin na masu yashe kwata. Ni da na shekara talatin ina ɗaure wa Malam kayan fatauci, jikana zai shiga mutane haka? Ga Juma'a a tsakani! Na kwashe tarkacen, na sa masa babbar riga, hula da kwalbar man shanu.

Man ya narke cikin rigar. Da kayan jikinsa suka jiƙe, ita ya zura yana tsamo mutane, ƙudaje na bin sa.

Ya dawo da mura. "Hajiya, ceto aka tura ni ko ɗaurin aure?"

"Rufe min baki, mijin banza mara godiya."

Har yau abokan aikinsa Ango suke ce masa. Cikin tsofaffin da suka yi min dariya, Talatu maƙwabciyata kaɗai ta rage. Da hadari ya haɗo sai ta leƙo ta katanga: "Amarya, an goge wa ango riga?"