Kindirmo a Ƙarƙashin Hula

Ko da zan manta sunan unguwarmu, ba zan taɓa mantawa da ranar da na cire hula a gaban surukaina a Bungudu ba.

Ni tela ne a Tudun Wada, Gusau. Daga inuwar shago sai ƙarƙashin fanka. Da na fara neman Hadiza, labari ya iso ni cewa mahaifinta, Baba Isa, ya ce shi bai ba da 'yarsa ga mutumin da rana ba ta san fuskarsa ba. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai. Saboda haka da na ji an sa gayyar noma a gonarsa, na rantse sai na je, ko da a kan fartanya zan mutu.

Da safe na biya wurin wanzami ya yi mini aski tal (wai don in fito a jarumi). Ga ni fari, gadon kakata Bafulatana, ga kan da ya yi shekara da shekaru a cikin hula. A gona Baba Isa ya miƙo mini malfa, na ce, "A'a Baba, mun saba." Allah Ya sani ban saba da komai ba. Na duƙa ba ko hula, rana ta duƙa a kaina, amma ban ɗago ba sai da na kai ƙarshen kunyata.

Kafin in koma Gusau kaina ya yi ja kamar tattasai, ko iska ta taɓa shi sai na yi ƙara. Ga shi washegari Baba Isa ya gayyace ni cin abinci, ƙannensa za su gan ni. Na kira goggona a Tsafe, wadda ba a rasa magani a bakinta.

"Ka samu kindirmo mai sanyi ka shahwa," in ji ta, "in ya ɗan jima sai ka..."

"Na gane, Goggo!" Na kashe waya. (Daga baya na ji sauran maganar: ka wanke, ka sa man kaɗe kaɗan, kuma kada ka rufe kan.)

Ni ina son warkewa cikin gaggawa, don haka na lafta kindirmo. Maƙwabcina ya ce zuma ta fi, na ƙara zuma. Na bi da man kaɗe, na kifa sabuwar hulata a kai, na hau babur. Gaskiya na ji sanyi, har na fara yaba wa kaina.

A zauren Baba Isa komai ya tafi daidai, in ban da ƙudaje da suka bar kwanon tuwo suka zaɓe ni. Ƙaninsa, Kawu Bala, yana ta shinshina iska yana duban kowa. Na daure, na ci gaba da murmushi.

Sai aka kira Azahar.

Baba Isa da kansa ya miƙo mini buta, muka jera a ƙofar gida. Sai da na wanke hannuwa zuwa gwiwa na tuna da shafar kai. Na ja hula, ta ƙi. Na sake ja da ƙarfi, ta ɓalle da wani irin sauti, farin abu ya gangaro mini ta goshi da bayan kunne, tsami ya cika wurin. Kowa ya tsaya da butarsa a hannu. Kafin in ce uffan, na ji wani harshe mai kaushi a ƙeyata. Akuyar gidan ce.

"Subhanallahi!" in ji Kawu Bala. "Ku aiko da dawo daga cikin gida, ga nonon hura ya samu!"

Har liman sai da ya dafa bango don dariya. Babur ɗina yana nan kusa, makullin yana aljihuna, kuma wallahi na dube shi. Amma na ce in na gudu yau, Hadiza ta tafi ke nan. Na kori akuya, na roƙi ƙarin ruwa, na wanke kaina tas, na sake alwala, na shiga sahun gaba da jan kaina a waje.

Bayan sallama Baba Isa ya kira ni gefe.

"Noma kam ba ka iya ba," ya ce, "gyaɗata da kas sare ta hi ciyawar yawa. Amma jiya ba ka gudu ba, yau ma ba ka gudu ba. Ɗiyata ma ba ka guje mata."

Ya shiga ya fito da malfar nan ta jiya. Wannan karon hannu biyu na sa na karɓa.

Yanzu 'ya'yanmu uku da Hadiza, amma a Bungudu ko yara ba su san sunana na yanka ba, Ɗan Kindirmo suke kirana. Abin da na koya shi ne, in tsohuwa tana faɗa maka magani, ka bari ta kai aya kafin ka kashe waya. In kuwa manomi ya miƙo maka malfa, ka karɓa tun da farko, domin ko ba jima ko ba daɗe za ka karɓe ta, a gaban jama'a.