Famfon Darakta Nomau

Duk ƙasar Gangara babu wanda ya san mota kamar Darakta Nomau. In kana shakka, je ka tambaye shi. Shekara biyu ya yi yana sharar wani buro, wato ofis, a Maradi, ya dawo gida da sarautar Darakta wadda ya naɗa wa kansa, da wata jar mota da ta ga jiya ta ga yau. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya yi wa masu makoki bayanin inji.

To, bana surukarsa Hajiya Larai ta sauke farali. Darakta ya tsaya gaban dangi ya rantse babu mai ɗauko ta daga tashar Gazawa sai shi. Yana da dalili. Tun ranar da ya auri ɗiyarta, tsohuwar take cewa mutumin nan baki ne kawai, shi kuwa yana so ya shigo da ita gari gaban jama'a, maganar ta mutu.

Ana saura kwana biyu sitiyari ya yi tauri, sai ka ce ana murɗa wuyan sa. Hayatu bakanike ya leƙa ya ce famfon sitiyari ne ya mutu, a sa na hannu. Suka je wurin mai sayar da tsofaffin kayan mota, ya fito da guda biyu. Ɗaya baƙi ƙirin, duk dauɗar mai, an ciro shi makon jiya daga motar da ke aiki. Ɗayan an wanke, an fesa masa fenti, yana walƙiya.

Nan ilmi ya motsa. Darakta ya naɗe hannun riga, ya ɗaga mai walƙiyar ya ji nauyinsa, ya shafa bayansa, ya leƙa bakinsa, daidai yadda ake zaɓen ragon layya.

"Matsalarku 'yan garaji ba ku yi karatun lakol ba," in ji shi. "Kaya mai lafiya daga fatarsa ake gane shi. Ni da na zauna da manya, in ɗauko Hajiya da wannan ƙazamin?"

Hayatu ya ce, "Darakta, kyan ɗan maciji ne. Bari dai in ɗaura mu zagaya mu gani."

"Gwaji na mai shakka ne. Ɗaura."

Hayatu ya ɗaura. Ai wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Ranar Alhamis ya sha babbar riga, ya ɗauko Hajiya, ta zauna baya da butar zamzam a cinya. Ba mai ce wa wani uffan, saboda kunyar surukuta. Suna sauka daga kwalta suka shiga yashi, famfo ya fara kuka kamar akuyar da aka ɗaure. Mai hankali tsayawa zai yi. Amma yaya Darakta zai buɗe baki gaban suruka ya ce motarsa ba lafiya? Sai ya ƙure rediyo.

A kwanar da ke gab da gari hanya ta juya, mota ta ƙi. Ya murɗa, ya cije, ya miƙe tsaye a kan kujera, hammatar riga ta yage. Mota dai ta miƙe abinta cikin gonar Mumuni, ta tattake geron da bai fi taƙi ba, ta nutse a yashi har ciki. Wallahi ni gonar nan ce ta ba ni tausayi.

Mumuni mai gona ya zo da amalanken shanunsa, ya dubi ɓarnar, ya dubi baƙuwar Allah, ya yi mata barka da sauka. Hajiya ta sauko ba ta ko kalli surukinta ba.

"Ɗan nan, kai ni gida," ta ce wa Mumuni. "Ka ɗauro wancan a baya, kada a ce na yar da shi a daji."

Haka aka shiga Gangara. Mata na guɗa, Hajiya bisa amalanke tana ɗaga hannu, jar mota na biye a ɗaure da igiya. Darakta na ciki, ya gyara hula, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Da aka zo kwanar gidan Hajiya, har ya kunna sigina, don shanun su san inda za su bi.